Maikirowef ɗinmu ya daina ɗumama abinci: gyara ko sayen sabo?

Saura kwana goma sha biyu a ɗauki azumin 2024 maikirowef ɗinmu ya daina aiki. Bai mutu murus ba, kuma abin da ya fara ruɗa mu ke nan. In an murɗa shi sai ƙwan ciki ya kama, faifan gilashi ya riƙa juyawa, fanka ta yi gurnaninta, minti uku su cika ya buga ƙararrawa, a buɗe a tarar da tuwon jiya da sanyinsa kamar yanzu aka ciro shi daga firji. Mai ɗakina ta ƙara masa minti biyar, ta sake ƙara biyar, daga ƙarshe ta kunna gas ta yi ɗumamen a tukunya. Ranar yara sun makara makaranta.

Ƙarami ne, mai cin lita 20, an rubuta wat 700 a jikinsa, maɓallai biyu ne kawai na murɗawa, ɗaya na ƙarfi ɗaya na lokaci. A 2017 ya shigo gidan cikin kayan kicin ɗinta, mahaifinta ne ya saya da hannunsa, Allah Ya jiƙansa. Wannan ya kamata a sani tun farko, domin duk lissafin da muka yi daga baya da shi a ciki, ko da ba a faɗa ba. Ita ma'aikaciyar jinya ce, wani makon da safe take fita, wani makon kwana take a asibiti. Ranar da take gida takan yi miya kala biyu ko uku, ta zuba a robobi ta sa a firji, ni da yara mu riƙa ɗiba muna ɗumamawa. A wani gidan maikirowef ado ne, ana shimfiɗa masa ƙyalle a ɗora fulawar roba. A namu shi ne ke tsakanina da kwana da yunwa, ga kuma sahur yana tafe.

Gaskiya ya yi mana gargaɗi, mu ne ba mu ji ba. Kusan wata biyu kafin nan, in ana ɗumama miya sai a ga tartsatsi a bangon dama na ciki, da ɗan ƙara tas-tas, wani lokacin da ƙauri kamar an ƙona roba. A wurin akwai wani ɗan falle mai kama da kwali, launin toka, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Ya yi baƙi a gefe ɗaya. Na ce cokali ne yara ke mantawa a kwano, ta ce manja ne ya fantsama. Ita ce ta fi kusa da gaskiya, amma ba wanda ya ɗauki tsumma a cikinmu.

Da daddare na ɗauko sukundireba, na juya shi na fara kwance murfin baya. Na cire kusa biyu ta shigo.

"Malam, me kake yi haka?"

"Dubawa zan yi, ai na cire shi daga wuta."

"Don Allah mayar. Ka taɓa buɗe irinsa?"

Ban taɓa ba. Na mayar ina ƙunƙuni, sai bayan mako guda na san irin abin da ta raba ni da shi.

Washegari na kai wa wani yaro da ke bakin layinmu, mai gyaran fanka da dutsen guga da tocila. Yaron kirki ne, ya sha gyara mana kaya kuma sun zauna. Kafin la'asar ya aiko a ɗauka, ya ce fis ne ya ƙone, naira 3,000. Muka gwada da kofin ruwa, ya yi zafi, na yi ta yi wa mai ɗakina tsiya cewa da ta bar ni da kuɗin nan na aljihuna. Kwana biyu ya yi yana aiki. A na uku, ana ɗumama shinkafa, ya ɗauki wani gurnani mai kauri da ba mu taɓa ji ba, ƙauri ya cika kicin, komai ya ɗauke: ba ƙwai, ba fanka, ba juyawa. An gudu gara an faɗa gidan zago.

A nan ne maganar sayen sabo ta taso da gaske, kuma ni na tayar da ita. Hujjata ita ce shekara bakwai ya yi, an gyara bai zauna ba, kada mu yi ta zuba kuɗi a rijiya. Ranar Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari na zaga shaguna. Lokacin bai yi wa mai saye daɗi ba ko kaɗan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ke hawa, daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kayan wuta daga waje ake shigo da su. Irin namu, mai lita 20 da maɓallin murɗawa, mafi sauƙin da na samu naira 95,000 aka ce mini, mai shagon kuma ya ƙara da cewa farashin yau ne, gobe sai abin da dala ta ce. Masu allon latsawa da gasa nama sun wuce nan nesa.

Sai na leƙa wajen masu kayan Beljiyam, waɗanda ake saukewa daga kwantena a Legas a hauro da su. A can an faɗa mini daga 45,000 zuwa 55,000, kuma wasu a ido sun fi namu kyau da nauyi. Ɗaya ya shiga raina sosai, babba, jikinsa na ƙarfe mai ƙyalli. Da na juya bayansa na karanta takardar da ke manne, sai na ga bolt 120. Na Amurka ne. Wutarmu bolt 230 ce, in aka cusa shi kai tsaye ƙonewa zai yi, sai an saya masa taransifomar rage wuta mai ƙarfin da zai ɗauke shi, wadda ita ma kuɗi ce. Na Ingila da na sauran ƙasashen Turai su ne suka dace da wutarmu, na Ingila ma har fuloginsu mai ƙafa uku irin namu ne. Mai kayan bai ɓoye mini ba da na tambaya, amma da ban tambaya ba ban san ko zai faɗa ba. Sauran kuwa, duk gwajin da ake yi shi ne a kunna a ga ƙwai ya kama faifai ya juya. Namu ma ai haka yake yi ranar da ya ba mu tuwo mai sanyi. Sayen na hannu a wannan halin, musayar tsohon da na san tarihinsa ce da tsohon da ban sani ba.

Na dawo na zayyana mata. Ba ta ce kada a saya ba, ba ta kuma ambaci mahaifinta ba. Cewa ta yi, "A asibiti ba ma ba da magani sai an yi gwaji. Mu har yanzu ba mu san abin da ke damunsa ba." Wata abokiyar aikinta ta yi mata kwatancen wani dattijo a cikin Sabon Gari wanda ba ya taɓa komai sai maikirowef da tanda ta wuta. Na ɗora shi a adaidaita sahu ranar Litinin.

Shagon ɗan tsukuku ne, gawarwakin maikirowef jere har rufi. Kafin ya taɓa komai dattijon ya ce kuɗin dubawa naira 2,000 ne, ko a gyara ko kada a gyara. Da farko abin ya ɗan sosa mini rai, daga baya na gane shi ne kuɗi mafi amfani da na kashe a duk lamarin. Mai gyaran da ba ya samun ko sisi sai ya canza wani abu, dole ya nemo abin canzawa. Wanda aka biya shi ladan dubawa yana iya cewa "kai wa 'yan gwangwan" ba tare da ya yi asarar yininsa ba.

Bai fara da sukundireba ba. Ƙofa ya fara buɗewa ya rufe sau uku yana saurare, ya bi gefenta da yatsa, ya haska ragar da ke jikin gilashin, sannan ya cire faifan ya duba ƙasa da kusurwoyi. Na tambaye shi me yake nema.

"Tsatsa, Alhaji, da ƙofar da ta karkace. In ciki ya ci tsatsa har ya huje, ko ƙofa ba ta zama daidai, ba na gyarawa ko nawa za ka ba ni. Naka lafiya lau."

Maganarsa tana da tushe. Igiyar da ke ɗumama abincin tana kaɗawa ne a megahaz 2,450, tsawon zangonta kusan santimita 12, abin da ke tsare ta a ciki kuwa akwatin ƙarfen ne da ragar ƙofa, wadda hudojinta suka yi mata ƙanƙanta ta fita. Duk sauran kayan ciki ana iya cirewa a sa wani. Akwatin da ƙofar su ne maikirowef ɗin kansa.

Da ya cire murfi sai ya ce in matsa baya. Ya ɗauko wata waya mai kaurin roba da ya haɗa wa abin rage ƙarfin wuta, ya taɓa bakin wani gwangwani mai kama da na sadin, ya jira, ya sake taɓawa, sannan ya auna da mita. Kwandensa ce. Ya bayyana mini, yana aiki yana magana, cewa taransifomar ciki tana ɗaga wutar gida zuwa wajen bolt 2,000, kwandensa da dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta ɓangare ɗaya kawai, su ninka ta ta kai kusan 4,000, da ita ake kunna magnitiron, bututun da ke haifar da igiyar. Kwandensar tana iya riƙe wuta bayan an cire fulogi. Akwai ɗan abin da aka sa mata don ya zubar da ita a hankali, amma shi ma yana lalacewa, kuma ba a ganewa da ido. Wutar nan kisa take yi. Na tuna kusoshi biyun da na kwance da daddare ina cewa ai na cire shi daga wuta, na yi shiru.

Daga nan ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Makunnan ƙofa guda uku, waɗanda ke hana shi aiki in ƙofa a buɗe take, duk suna lafiya. Babban fis na shigar wuta ya ƙone, shi ya sa komai ya ɗauke. Taransifoma ya shinshina ta, ya auna, ya ce ta sha da ƙyar. Kwandensa lafiya. Dayod ɗin kuwa bai yarda da mita kaɗai ba, ya ce irin wannan ba ya nunawa da ƙaramar wutar mita, sai da ya haɗa da batir mai bolt 9. Ya mutu, wuta na wucewa ta kowane ɓangare.

Sai ya buɗe wani farin bututun roba da ke tsakanin taransifoma da kwandensa, ya miƙo mini abin da ke ciki. Fis ne na gilashi, ƙonanne, an naɗe shi da zaren wayar tagulla daga wannan kai zuwa wancan.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Wani yaro ne a unguwarmu, Baba."

"Fis mai gadi ne. In ka ga ya faɗi, ɓarawo za ka nema, ba ka ɗaure mai gadi ka tsayar da shi a ƙofa ba."

Yadda ya karanta lamarin shi ne haka. Fallen nan mai kama da kwali, wanda suke kira maika, murfi ne na ramin da igiyar ke fitowa daga magnitiron. Mai da miya sun yi ta fantsama a kansa suna ƙonewa har suka zama gawayi, gawayi kuwa yana jan tartsatsi. Tartsatsin ya ci gaba har ya kai ga kan magnitiron, fis ɗin gilashin nan da ke cikin farin bututu ya ƙone don ya tsare sauran, shi ne ranar tuwo mai sanyi. Da aka ɗaure fis ɗin da waya ba a taɓa maikar ba, sai tartsatsi ya dawo ba mai tare shi, dayod ya tafi, babban fis ya bi shi. Da an ƙara minti kaɗan da taransifoma ta ƙone, kuma da labarin ya ƙare a nan, don kuɗinta da na aiki sun kusa na Beljiyam.

Ban ga laifin yaron sosai ba. A fanka da dutsen guga ya koyi aiki, kuma da wuya a samu irin wannan fis ɗin a shagon bakin layi. Laifinsa ɗaya ne, bai faɗa mini abin da ya yi ba. Nawa laifin shi ne ban ce ya ba ni tsohon da ya cire ba. Da na tambaya, da ba shi da abin nunawa.

Saura magnitiron, wanda shi ne ke yanke hukunci a yawancin irin wannan shari'a, don yana cikin kayan da suka fi tsada. Asalinsa ma ba na girki ba ne: a Jami'ar Bamingham ta Ingila aka ƙera irinsa a 1940 don na'urar hango jiragen yaƙi, sai a 1945 wani injiniya a Amurka, Percy Spencer na kamfanin Raytheon, ya lura yana narkar da alewar da ke aljihunsa. Dattijon ya ciro namu, ya nuna mini hular ƙarfen da ke kansa ta ɗan babbake. Ya auna, bai ga inda wuta ke zuba a jikinsa ba, maganaɗisun ciki ba su tsage ba. Ya ce mita iyakarta ke nan, ba za ta faɗi ƙarfin da ya rage masa ba sai an kunna.

Ya lissafa mini a bayan kwali: dayod, fis biyu, sabuwar maika da zai yanka daidai wurin, hular magnitiron daga wata gawa, da ladan aiki, naira 9,500. In an haɗa aka ga magnitiron ya gaji, na hannu 22,000 ne, kuma ba zai rantse mini a kan kwanansa ba. Na kira mai ɗakina a waya muka tsayar da magana a kan iyaka: za mu biya 9,500, in ya yi zafi shi ke nan, in sai an sa magnitiron mun haƙura. Dalili shi ne 2,000 da 9,500 da 22,000 sun kai 33,500, an doshi kuɗin na Beljiyam, a kan na'ura mai shekara bakwai da taransifomar da ta riga ta sha wuya. Naira 3,000 ta yaron ban sa ta a lissafi ba, ta riga ta tafi ko mun gyara ko mun saya.

Akwai ƙa'idar da ake yawan faɗa, wai in gyara ya kai rabin kuɗin sabo a sayi sabo. Ba ta da laifi, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Ranar Asabar da na tashi sayen sabo, ban san kuɗin gyaran ba balle in raba shi biyu, haushi ne kawai ke lissafi. Kuma da na saya, da mun ci gaba da ɗumama miyar manja a buɗe, sabon ma maikarsa ta yi gawayi. Wani abin da na auna shi ne cin wuta. Tsohon firji yana iya cin wutar da ta fi ta sabo nesa, har canza shi ya zama riba. Maikirowef mai taransifoma ba haka yake ba, sabo da na 2017 kusan abu ɗaya ne a ciki. Namu yana jan wajen wat 1,100 daga soket don ya ba da 700 a abinci. Ɗumamen minti uku bai kai kashi 6 cikin 100 na yunit ɗaya na wuta ba, ko da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawan awoyi, a watan Afrilun 2024, bai wuce naira 13 ba. Babu wani rangwamen kuɗin wuta da sabo zai kawo mana.

Bayan sallar azahar ya gama haɗawa. Gwajinsa ya burge ni, kuma kowa zai iya yinsa a gida in yana da ma'aunin zafi. Ya auna ruwa lita ɗaya a robar da ba ta narkewa, ya tsoma wayar auna zafi ta mitarsa, ta nuna 28. Ya ba shi minti ɗaya cif a kan cikakken ƙarfi, ya juya ruwan da cokali, ta nuna 36. Ƙarin digiri 8 ke nan, a ninka da 70 kamar yadda ake yi wa ruwa lita ɗaya a minti ɗaya, ya ba da wat 560. Bai kai 700 ba, amma magnitiron yana cin 'yan daƙiƙu kafin ya kama, kuma wutar kasuwar a lokacin ba ta cika ba. Ya ce ya rage ƙarfi kaɗan, zai yi aiki. Ya ƙara da cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawo masa da kukan ba sa zafi lafiyarsu ƙalau, wutar gidan ce ba ta da ƙarfi, ko an ɗora su a ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba. Ya ba ni alkawarin wata ɗaya a kan abin da ya sa, ya zuba mini tsofaffin kayan a leda ba tare da na tambaya ba.

A gida mun canza abubuwa kaɗan. An sayi murfin roba mai huda, ba a sa miya sai da shi. Ana goge ciki da ɗanyen tsumma, har da maikar, a hankali. Na cire shi daga wayar da yake rabawa da firji da butar shayi, mai wayarin ya ja masa soket nasa. In an kawo wuta ba a kunna shi sai ta zauna, in kuma ƙwan kicin ya yi ja-ja a koma gas.

Ba kowa ne lamarinsa zai ƙare kamar namu ba. Bayan sallah yayata ta ji labari ta aiko da nata in kai wa dattijon. Ya cire faifan, ya danna ƙarƙashinsa da yatsa, fenti ya ɓare tsatsa ta zubo, har ana hango haske ta wani ɗan rami. Bai ko kwance murfi ba, bai kuma karɓi kuɗin dubawa ba. Ya saye shi a hannunta don kayan ciki, ta cika ta sayi sabo, kuma daidai ta yi.

Namu ya yi azumin nan kaf, talatainin dare yana gurnani da miyar kuka da farfesu. Abin da a da yake yi a minti uku yanzu sai an ba shi uku da rabi. Wajen watan Nuwamba faifan ya daina juyawa, ƙaramar motar da ke ƙasa ce ta gaji, wannan karon ban yi gardama da kowa ba na ɗauke shi zuwa Sabon Gari. Iyakar da muka sa tana nan ba ta canza ba: ranar da magnitiron ko taransifoma ta tafi, za a sayi sabo. Mai ɗakina ta ce ko an saya, wannan ba za a ba 'yan gwangwan ba, a ɗaki za ta ajiye shi.

Fis ɗin da aka naɗe da waya na kai wa yaron bakin layi, ba da faɗa ba. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce shi bai san akwai wuta a kwandensa bayan an cire fulogi ba, da hannu ya zare shi ya mayar. Ya tambaye ni kwatancen shagon dattijon, na rubuta masa a bayan katin waya.